Rigar Disamba, Awon Oktoba

SHAFI NA 14

"Ni za ki ce wa in rage murya? A gidan ƙanena?"

"Yaya, don Allah. Yanzu-yanzu ya samu barci."

"Barci da hantsi! Haggai ne yau ke barci da hantsi, dawa na tsaye a gona tsuntsaye na biki a kanta, ke kuma kin hau turmi kina rataya ƙyalƙyali. Salome, dube ni nan. Kanki ɗaya kuwa?"

Salome ta sauko daga kan turmin da ta kifa, igiyar takardu masu ƙyalli na naɗe a hannunta. Ba fuskar Lahadi take kallo ba. Idonta na kan labulen ɗakin mijinta, ko zai motsa.

"Kirsimeti ce ke zuwa, Yaya."

"Wace Kirsimeti? Ta wace ƙasa? Mu dai a Salka Oktoba muke ciki. Ko nan Kontagora wata daban kuke gani?"

Ku da kuka shigo mana a tsakiya, ku matso in gaya muku a gurguje, don na gaji da amsa tambaya guda. Wannan mai hargowar Lahadi ce, yayar Haggai, uwa ɗaya uba ɗaya. Da safen nan ta diro daga Salka da ƙullin gyaɗa a ka, ba ta san komai ba. Abin da ba ta sani ba shi ne, da damina da aka kwantar da Haggai a asibiti, likita ya ja Salome da babbar 'yarsu Rose gefe, ya ce hanta ce, kuma ciwon ya riga ya ci ƙarfinta. Ya ce su kai shi gida su faranta masa rai, abin da za su yi kuma su yi da wuri. Rose ta riƙe hannun uwarta tana kuka, ta ce, "Mama, kin san Baba. Ranar da ya ji, ranar zai ajiye magani ya ajiye cokali." Shi ke nan suka ce masa gyambon ciki ne. Har yau a kan haka yake.

To, kalma ɗaya ce ta maƙale wa Salome a kunne: da wuri.

Ita kuwa duk unguwar nan wa bai san ta ba? Mama Jajibere ake ce mata, a bayan idonta da gaban idonta. Matar da ba ta tunawa da shinkafar Kirsimeti sai kasuwa na tashi. Bara ana kaɗa ƙararrawar coci tana kan kaskon cincin, ta shiga sujada da fulawa a gira. Ni da idona na gani, ba labari aka ba ni ba. Wannan matar ce bana ta sa aka shafe gida da fenti ruwan ƙwai, ciki da waje, tun ganyen dawa bai bushe ba.

"Kin san abin da ya same ni a mota?" Lahadi ta ce, tana sauke ƙullin gyaɗarta a ƙasa da ƙarfi. "Mata biyu suka yi mini barka. Wai wa za mu aurar? Na ce aurar da wa, 'yan matan gidan duk suna ɗakunansu? Ta ukun kuwa, wata tsohuwa daga Kumbashi, sai ta kama hannuna ta ce, sannu da haƙuri."

Salome ta juyo da sauri.

"Ta ce me?"

"Sannu da haƙuri! Wai ta wuce ta ga an yi fenti, ta ɗauka rasuwa aka yi ana jiran baƙi. Na ce bakinki ya sari dutse. Amma laifinta ne? Ke ba baƙuwa ba ce, Salome. Mu nan wa ke taɓa kayan Kirsimeti kafin a yanke dawa, a sheƙe, a kai kasuwa? Gidan da aka ga fenti ba lokacinsa ba, ko aure ne ko gawa. Yaro ma ya san wannan."

"Bangon ne ya yi datti."

"Shekara nawa yana da datti ba ki gani ba?"

Lahadi ba ta jira amsa ba. Ta nufi ɗakin ajiya ta banka ƙofar. Kun san irin surukan nan da hancinsu ke rigan ƙafarsu shiga wuri. Ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe haɓa.

Buhun shinkafa. Jarkar man gyaɗa. Fulawa, sukari, kwalin maggi. Turamen atamfa iri ɗaya a jere, na jikoki. A can lungu kuma ga kaji a akurki suna kallonta kamar su ma tambayar suke yi.

"Yesu mai ceto," Lahadi ta ce a hankali. "Har da kaji. Kajin nan kafin Disamba ai sun yi jikoki."

"Sun fi araha yanzu."

"Fulawar fa? Ƙwari za ki tara wa? Salome, ko dai irin cocin nan kika shiga, masu cewa duniya za ta tashi kafin ƙarshen shekara? In shi ne ki gaya mini, in je in kira fasto tun abin bai yi nisa ba."

"Ba inda na shiga."

"To mene ne?"

Maganar ta zo wa Salome har maƙogwaro. Watanni ke nan tana ɗauke da ita ita kaɗai, Rose na can Minna wurin aikinta, sai dai waya. Ga 'yar'uwarsa ta jini a gabanta. Ta buɗe baki. Sai ta tuna Lahadi ce fa. Lahadin da in ta ji abu da hantsi, kafin azahar an ji a Salka, kafin la'asar an ji a Kaboji. Kuma ba ta iya kuka a hankali ba.

Ta rufe bakinta.

"Ba komai, Yaya. Na gaji da sunan da ake kirana ne."

"Ƙarya kike."

"Wa ke ƙarya a gidana tun da safe?"

Su duka suka juya. Haggai ne tsaye a bakin ƙofarsa, ya dafa bango da hannu ɗaya. Singileti ce a jikinsa, ta yi masa yawa kamar ta aro. Yana murmushi, amma idon nan ya yi ruwan ɗorawa.

Lahadi ta ƙura masa ido. Rabonta da shi tun yana asibiti.

"Haggai? Kai ne ka koma haka?"

"Sannu da zuwa, Yaya. Gyambon ciki ne, ya hana ni yaji, ya hana ni tsami. Mutum ba yaji ai dole ya rame." Ya zauna a kan benci a hankali. "Ki bar mini matata. Shekara da shekaru kina ce mata mai nawa. Yau ta yi sauri kuma kin zo da faɗa."

"Wannan ba sauri ba ne, wannan gudu ne. Me ke korarta?"

"Nima na tambaya," Haggai ya ce, yana kallon Salome. Murmushin na nan, amma kallon ya daɗe. "Ta ce tsufa ne ya zo mata da hankali."

Salome ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta juya ta shiga naɗe igiyar ƙyalƙyalin, ta warware, ta sake naɗewa. A ranta addu'a take: Ubangiji, ka sa Yaya ta ci abinci ta kama hanya. Ka kai mu Disamba lafiya, ya sa sabuwar riga, ya zauna a tsakiyar jikokinsa a ɗauki hoto. Iyakar abin da na roƙa ke nan.

"Bari in kawo maka kunu, Baban Rose."

"Bar shi tukuna."

"Lokacin magani ya yi."

"Na ce bar shi tukuna."

Sai ga sallama daga zaure.

"Salamu alaikum! Masu gida suna ciki? A shigo?"

Salome ta san muryar. Ɗantani tela ne, mai shago a bakin titi, wanda ke yi wa gidan ɗinki tun Rose na goye. Mutumin kirki ne, ba shi da mugunta ko ta ƙwayar gero. Illarsa ɗaya: bakinsa da kekensa tare suke gudu.

Ta yi wuf ta nufi zaure don ta tare shi.

"Malam Ɗantani, mu je waje, ina zuwa shagon ai..."

"Shigo, Ɗantani!" Haggai ya ɗaga murya. "Yaushe ka zama baƙo?"

Ya shigo, tef a wuya, leda a hammata. Ya durƙusa ya gaida Haggai, ya gaida Lahadi, ya ɗaga kai ya kalli bango da ƙyalƙyali ya washe baki.

"Kai! Bana Mama ta riga kowa. Wallahi ranar da ta shigo shagona da shadda sai da na duba kalanda. Na ce Mama Jajibere ce a Oktoba, ko idona ne? Matar da ke zuwa mini ana gobe Kirsimeti ta zauna a kaina har in haɗa wuya!"

"Ka ji ko?" Lahadi ta ce. "Ba ni kaɗai ba ce."

"Malam Ɗantani," Salome ta ce, "ai na ba ka tsohuwar rigarsa. Na ce ka duba da ita."

"Kin ba ni, Mama. Amma shadda irin wannan ba na saka mata almakashi da ka." Ya zaro ta daga leda, shuɗiya, tana ɗaukar ido. "Dubi kaya, Baba. In na yanka ba daidai ba, ina zan sa kaina? Na ce gara in taka in auna mai riga da hannuna. Minti nawa ne?"

"Ba ya jin daɗi. Ka bari wani lokaci."

"Ina jin daɗin tsayuwa," Haggai ya ce. Ya dafa benci ya miƙe. "Ashe har da riga aka yi mini. Ba a gaya mini ba. Auna, Ɗantani."

Salome ta tsaya a bayan mijinta tana yi wa tela ido. Ta girgiza kai. Ta ɗora yatsa a leɓe. Ɗantani kuwa ya duƙufa a kan tef ɗinsa, ko sau ɗaya bai ɗago ba. Ya auna kafaɗa. Ya auna hannu. Ya zagaya ƙirji, ya duba, ya sake zagayawa.

"Kai, Baba, ka sauka fa. Ƙirjin nan da ba haka yake ba."

"Ciwo ba wasa ba."

"Allah ya ƙara sauƙi. Ai da ka fara cin sabuwar dawa za ka dawo." Ya naɗe tef a yatsa, sannan ya juyo wurin Salome. "To Mama, yanzu a kan awon nan na yau zan ƙara ragewa, kamar yadda kika ce? Ko in bar shi haka?"

Ko kajin da ke akurki sai da suka yi tsit.

"Ka bar shi haka," Salome ta ce da sauri. "Ka je kawai."

"Tsaya," Haggai ya ce. "Me ta ce maka?"

"A'a, ba wani abu ba ne, Baba. Cewa ta yi kada in ɗinka daidai jikinka na yanzu. Wai in matse ta sosai, don kafin Disamba za ka ƙara ramewa." Ya yi dariya. "Na ce Mama, tunda nake ɗinki, in aka kawo kayan Sallah ko na Kirsimeti da wuri, cewa ake in ƙara. Yara na girma, manya kuma in kaka ta yi sai su yi ƙiba. Ban taɓa jin an ce a rage wa mai jinya riga ba, ai shi mai jinya murmurewa ya..."

Nan ya tsaya.

Ya kalli Salome. Ya kalli Haggai. Ya kalli idon nan mai ruwan ɗorawa, wanda tun shigowarsa bai lura da shi ba. Dariyar ta bushe a fuskarsa.

"Innalillahi," ya ce can ƙasa. "Mama, ni ban..."

"Je ka, Ɗantani," Haggai ya ce, ba faɗa ba tsawa. "Ka gaida gida. Za a neme ka."

Ɗantani ya tattara shaddarsa ya fita da baya da baya, har yana tuntuɓe da ƙullin gyaɗar Lahadi. Ni dai na ce, da ya san abin da ya taka ya zo yi, da ya yanka shaddar nan da ka, ko da hannu ɗaya zai fi ɗaya tsawo.

Tsakar gida ta rage su uku.

Haggai bai koma kan benci ba.

"Maman Rose."

"Na'am."

"Mai gyambon ciki, da yake shan magani safe da yamma, ramewa yake ƙara yi ko murmurewa?"

"Tela ne bai fahimce ni ba. Ka san shi da surutu..."

"Shekaranjiya na ji ki a bayan ɗaki kina waya da yara. Kin ce kada su jira Disamba, su zo tun Nuwamba. Na ce a raina ko kewa ce. Na ga fenti, na ce ko tsufa ne, kamar yadda kika faɗa. Na ga kaji." Ya ja numfashi. "Salome."

Tun haihuwar Rose bai kira ta da sunanta ba.

"Ranar da likita ya kira ku waje ke da Rose, kuka dawo idonku ja, kuka ce yajin mai tsire ne a bakin asibiti. Me ya ce muku?"

"Wai me ake ciki ne?" Lahadi ta ce, tana kallon wannan tana kallon wancan. Hargowar ta tafi, muryarta ta koma ƙarama. "Salome, me likita ya ce?"

Salome ta durƙusa a inda take. Igiyar ƙyalƙyalin ta zube a ƙasa.

"Hanta ce," ta ce. "Ya ce ta riga ta... ya ce ba abin da za su iya. Ya ce mu dawo da kai gida."

Lahadi ta ɗora hannu biyu a ka ta zauna daɓas a ƙasa. "Wayyo ni! Wayyo ɗan'uwana!"

"Yaya, yi shiru," Haggai ya ce. Ta yi shiru kuwa, abin da ba a taɓa gani ba. Ya dubi matarsa. "Zan kai Kirsimeti?"

"Bai faɗa ba."

"Salome."

"Na rantse da Ubangiji bai faɗa ba! Na tambaye shi, ya ce wannan Allah kaɗai ya sani. Ya ce akwai masu daɗewa. Baban Rose, akwai masu daɗewa!"

Haggai ya ɗaga hannu ya nuna bango mai ruwan ƙwai. Ya nuna ƙyalƙyalin da ke lilo a bakin rumfa. Ya nuna ɗakin ajiya da ke buɗe.

"Shi bai faɗa ba. Ke kin faɗa."

"Ba haka ba ne! So nake ka ga gidan da kyau. So nake bana kada a yi komai a gurguje, kada in manta da komai, ka zauna da jikokinka kowa da sabon kaya. Duk shekara ina ba ka kunya da makara. Na ce wannan ɗaya dai, wannan ɗaya..."

Kuka ya ci ƙarfinta.

"Kin kyauta," ya ce. Da ma tsawa ya yi mata, da ya fi mata sauƙi. "Ke kin samu watanni kina shirinki. Kin sayi shinkafa, kin sayi mai. Rose ta sani, tana nata shirin. Tela ma ya san awon da zan koma. Ni fa? Ni mai tafiyar, ina kwance kamar wawa ina lissafin in na warke zan yanke dawa, in na warke zan gyara rumbu, baɗi zan sa waken suya a gonar fadama. Kina jina ina faɗa, kina cewa amin."

"Tsoro na ji. Rose ta ce in ka sani za ka daina cin abinci."

"Gonar nan ban nuna wa yara iyakarta ba. Akwai mutanen da rabona da yi musu magana tun rigimar fili, ban nemi gafararsu ba. Da ƙafata na da ƙarfi kika bar ni a kwance. Yanzu da bango ke riƙe ni kike so in fara?"

"Ka yafe mini."

Ya shiga ɗaki. Suka ji motsinsa, suka ji ya ja akwati. Lahadi ta rarrafo ta kama zanen Salome tana raɗa, "Me zai ɗauko? Ke, me zai ɗauko?" Salome ba ta sani ba.

Ya fito da tsohuwar rigarsa ta zuwa gona, hula a ka. A hannunsa makullin babur ne, babur ɗin da rabonsa da hawa tun kafin asibiti, don jiri na ɗibarsa ko daga ɗaki zuwa bayan gida.

Salome ta miƙe ta tare gabansa.

"Ina za ka?"

"Matsa."

"Baban Rose, ba ka karya ba, ba ka sha magani ba. Hanyar nan duk ramuka ce, ga manyan motoci. In jiri ya ɗebe ka fa?"

"Haggai, don darajar Inna ka zauna," Lahadi ta ce. "Ka zauna mu yi magana. A kira fasto."

"Wurin Innar za ni."

Salome da Lahadi suka kalli juna. Inna, mahaifiyar su Haggai, ta shekara goma sha a ƙasa.

"Salka za ni," ya ce. "Zan samu ƙanena Sati in nuna masa wurin da zai haƙa, kusa da ita, tun ƙasa na da laima. In rani ya shiga tauri take yi, kada a wahalar da yara."

"Baban Rose!"

Ya janye hannunta daga rigarsa, yatsa ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Ya tura babur zuwa zaure yana haki. A bakin ƙofa ya waiwayo ya dube ta.

"Tunda bana da wuri ake shiri, Salome, bari nima in je in yi nawa."

Ya ja ƙofar kwanon nan ya buga, garam!